Yaya zaman ƙaramin gari yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya zaman ƙaramin gari bayan ka saba da babban birni. Za ka iya, amma watannin farko sai ka daure da kewa. Haya da sauƙi, babu cunkoso, kuma za ka dawo daga aiki da sauran ƙarfinka.

A can kowa ya san kowa. Kafin ka gama sauke kaya, maƙwabta sun san sunanka. Ranar da ka kwanta ciwo za ka ji daɗin hakan, ko da yake sirri ba ya ɓoyuwa.

Abin da nake jiye maka shi ne aiki, domin guraben ba su da yawa, ƙwararrun likitoci ma haka. Ka tabbatar da hanyar samunka kafin ka ɗaure kaya.