Muryar Kawu kan ihun da ake yi wa Black Stars

Waɗanda suka ce data ba ta ishe su sauraron muryar Kawu ba, ga ta na rubuta yadda ya faɗa. Tambayar da aka jefa a gurup bayan wasan da Nijar ta ci Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Ghana, a Nuwamba 2024 ita ce: "Wai laifi ne a yi wa 'yan wasan nan ihu, tunda kowa ya ga ba sa ƙoƙari, kuɗi kawai suke zuwa karɓa?"

Salamu alaikum jama'a. Alhaji babba, ina gaisuwa, a yi mini afuwa zan ɗan ja magana. Ina shago ne, in kun ji ƙara, yara ne ke kan keken ɗinki.

To kai ɗan ƙanwata, na ji tambayarka, kuma na san inda ka dosa. So kake in ce ka yi daidai da zagin da ka cika mana waya da shi tun daren jiya. Ba zan ce ba. Magana biyu ka cusa a buhu ɗaya. Ihu daban, cewa yaran ba sa ƙoƙari daban. Na farkon ban hana ka ba, kuɗinka ka biya ka shiga, maƙogwaronka ne. Na biyun ne ba zan bar maka ba.

Kafin wani ya ce Kawu ya tsufa ya yi sanyi, ni ma na yi ihun, da bakina. Shekarar 2014, bayan an dawo daga kofin duniya a Brazil, lokacin da aka ɗauki dala miliyan 3 a jirgi aka kai musu duniya tana kallo tana mana dariya, aka kori Muntari da Boateng daga sansani. Da suka zo Kumasi wasa da Yuganda, aka tashi 1-1, ina cikin waɗanda suka yi musu ihu har muryata ta dushe. Matata ta ce mura ce, na ce e mura ce. Kuma ku tuna wannan filin ne dai, bai cika shekara ba, muka ɗura wa Masar 6-1 muna rungumar mutanen da ba mu sani ba. To wannan ihun na 2014 yana da dalili, an san abin da aka yi, an san wanda ya yi. Ba zato ba ne.

Yanzu fa? Na yarda abin ya yi muni. Wasa 6 na neman shiga kofin Afirka, ba mu ci ko ɗaya ba. Maki 3, ƙwallo 3, mu ne a ƙasan rukuni. Angola ta wuce, Sudan ta wuce, kuma wa ke horar da Sudan? Kwesi Appiah, ɗanmu, tsohon kyaftin ɗin Kotoko, ƙungiyarmu ta Kumasi, wanda muka ce bai iya ba. Rabon da a yi kofin Afirka ba mu je ba tun 2004. Ƙasar da ta ɗauki kofin sau 4. Ga maƙwabcina Bazabarme mai albasa, tun da asuba ya tsaya a ƙofar shagona wai ya zo mini gaisuwar ta'aziyya, har da ɗaga hannu yana fatiha. Ni ma abin yana ci mini rai fiye da kai, don kai ba ka ga lokacin da muke mutane ba.

Amma ka ce ba sa ƙoƙari? Da wane ma'auni ka auna? Daga kan benci a gindin talabijin, kofin ataya a hannu?

Ranar wasan Angola, 5 ga Satumba, ina cikin filin Baba Yara na Kumasi. Ba labari aka ba ni ba. Na zauna ƙasa-ƙasa kusa da waya, inda kana jin numfashin ɗan wasa in ya zo jefa ƙwallo. Wallahi akwai yaron da ya zo ɗaukar ƙwallo a gabanmu bayan hutun rabin lokaci, riga ta manne masa a jiki kamar an tsamo shi daga rijiya, ya dafa gwiwa yana haki, bai ma iya ɗaga kai ba. Wani a bayana, tumbinsa ya kusa taɓa wuyana, yana cin gyaɗa yana zubo mini ɓawo a kafaɗa, shi ne ke ce masa malalaci. Na juya na dube shi, na ce bawan Allah, hawa matakalar nan ma sau biyu na ga ka huta. Ya ce ina ruwana. Da gaskiyarsa, ina ruwana.

Kuma filin da suka buga a kai fa? Ku da kuka kalla a talabijin kun ga kore ne kawai. Mu da ke kusa mun ga ramuka da faci-faci, ƙwallo tana tafiya tana tsalle kamar kwaɗo. An ba da filin an yi taro a kan ciyawar kafin wasan. Bayan wasan CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta janye amincewarta da filin. To wannan ɗan wasa ne ya yi? Shi ya ba da haya? Ƙwallon da aka ci mu a ƙarin lokaci, ɗan baya ne ya zo sharewa ta kufce masa, ɗan Angola ya samu ya zura. Kuskure ne, na yarda, mummuna ma. Amma kuskure ba lalaci ba ne. Shekara 24 ba a ci mu a Kumasi ba, tun da Afirka ta Kudu ta fitar da mu a 2000, kana tsammanin akwai yaron da ke son a rubuta sunansa a ce a hannunsu abin ya karye?

Abin da na gani a idon yaran nan tsoro ne. Tsoro. Ni na riƙe yara a ƙwallon unguwa shekaru, a filin sakora, na san yadda ƙafar mai tsoro take. Ba ya son ƙwallo ta zo masa. In ta zo, maza ya mayar baya, don kada a ce shi ne. Wanda ya saba yanke mutum biyu sai ka ga ya tsaya yana neman wanda zai miƙa wa. Daga sama sai ka ce ba ya so, alhali gabansa ne ke faɗuwa. To ka ƙara masa ihun mutum dubu talatin a kai, me kake jira ya zama?

Bari in ba ku labarin da ya sa maganar nan take sosa mini rai, wasu a gurup sun sani. Ƙanena, autanmu. Ya buga wa wata ƙungiya a ƙaramin rukuni, ba zan kama suna ba, masu ita suna nan da ransu. Wata biyar ba a ba su ko sidi ɗaya ba. Biyar. Kullum sai a ce shugaba ya yi tafiya, in ya dawo. Ranar wasa gari yake jiƙawa da suga, in an samu gyaɗa an gode Allah, ya sha ya shiga fili minti 90. Takalminsa ni nake kai wa mai gyaran takalmi a Aboabo, an ɗinke shi har mai gyaran ya ce mini Malam, babu sauran inda allura za ta kama. Kuɗin mota zuwa atisaye daga aljihuna. Rannan suka yi tafiyar dare a wata tsohuwar mota, suka isa da hantsi, suka buga da yamma, aka ci su. Wasan da ya biyo baya a gida ya ɓarar da ƙwallo ɗaya, ɗaya tak, sai wani ya miƙe ya ce ya karɓi kuɗi ya sayar da wasa. Ya ambaci mahaifiyarmu. Tsohuwa tana gida tana jan carbi, ba ta san ma ƙwallo mutum nawa ke bugawa ba. Yaron da ya sayar da wasa ne zai zo da dare ya ce Yaya ba ni sidi biyu in sayi koko?

Kuma da gwiwarsa ta tashi aiki, wa ya zo? Mai ihun bai zo ba. Shugaban bai zo ba. Ko waya. Mu muka kai shi wurin mai ɗori, daga baya asibiti, na sayar da keken ɗinki ɗaya, mai kyaun ma, wanda na fi so. Har yau in hadari ya haɗu sai ya riƙa ɗingishi. Yanzu pragya yake ja, keken haya mai ƙafa uku. Kuma mutumin nan da ya zage shi, ina ganinsa, muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Ina karɓa, don addini ya ce a karɓa. Amma ban manta ba. Shekara nawa ke nan... a bar shi dai. Ba shi ne maganar ba.

Na san abin da za ka ce, ka ce Kawu ai waɗannan ba irin ƙanenka ba ne, waɗannan a Turai suke, suna ɗibar fam da yuro. Gaskiya ne. To shi ya sa ma maganarka ta kuɗi ba ta zauna ba. Wanda ke buga wa West Ham ko Arsenal, kuɗin da za a ba shi a nan ne zai sa ya hau jirgi ya zo ya sa ƙafarsa a ramin Baba Yara? In don kuɗi ne ai zamansa can ya fi masa. Kudus ɗan Nima ne, ɗan zango kamar kai. A kofin Afirka na Abijan shi ya ci Masar ƙwallo 2, kuka ce ba a taɓa haihuwar irinsa ba. Jiya ya ɓarar da fenariti a minti na ƙarshe, yau ya zama ɗan iska mai girman kai. Asamoah Gyan ma haka kuka yi masa da ya ɓarar da fenariti a 2010, mutumin da har yau babu wanda ya kai shi ci wa ƙasar nan ƙwallo.

A'a, tsaya, kada in yi son kai. Akwai abin da ni ma ba zan kare ba. Wasan Mozambik a Abijan, muna gaba 2-0 har lokaci ya cika, a ƙarin lokaci aka farke duka biyun. Wannan sakaci ne, hankali ya bar jiki. Ranar na kashe waya na kwanta ban ci tuwo ba. Kuma akwai wanda in aka canza shi yake fita yana taku ɗaiɗai kamar ango, wannan in ka yi masa ihu ban ce komai ba. To ka ga ban ce duka waliyyai ba ne.

Abin da nake cewa, an bar jaki ana dukan taiki. Ku ƙirga masu horarwa daga 2020 zuwa yau. Akonnor, Milovan, Otto Addo, Chris Hughton, Otto Addo kuma. Kowa ya zo da tsarinsa da yaransa. Ni tela ne, in riga ɗaya ta bi hannun tela biyar, wannan ya yanka wuya, wancan ya sa hannu, wani ya zo ya farke, ranar salla ka sa ta ta zauna maka a karkace, sai ka kama zagin yadi? Masu zaɓo telolin suna zaune a sama cikin inuwa da ruwan sanyi, ana tashi su shige mota gilashi a rufe. Ihunku ba ya kai musu. Yaron da ke tsakiyar rana shi ke sha.

Sai maganar jifa. Nan kam ba wasa, kuma ku yara ku saurara. Ranar Angola na ga robobin ruwa suna tashi ta kan mutane, na ga ana fasa abubuwa, na kama hannun ɗana na ce mu fita. Ya ce Baba tsaya mu gani. Na ce ba abin da za ka gani wanda ban gani ba. Ranar 9 ga Mayu 2001 a filin Accra, Hearts da Kotoko, da jifan kujeru da robobi aka fara. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka tafi. Da yawansu 'yan zango ne, Musulmi. Mu da ke Kumasi daren nan a gindin rediyo muka kwana, kowa na lissafin wanda ya bi mota ya tafi kallo. Wanda ya ga wannan ba ya ɗaukar ko ledar ruwa ya jefa. Yi ihunka, in ka gaji ka tafi gida. In abin ya ishe ka ƙwarai, ƙi zuwa, kujera ba kowa ta fi zagi yi wa manya ciwo, don a aljihu suke jin ta.

Ni tun 1983 nake shiga filin nan, ina yaro, ko sunan Baba Yara ba a sa masa ba tukuna. Shekarar da Opoku Nti ya ci Al Ahly mu Kotoko muka ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka, Ibrahim Sunday na koci. Mutanen Kotoko suna da kirarinsu na beguwa, ka kashe dubu, dubu na tafe. A da in an ci mu ƙwallo, a lokacin ne ganga ke ƙara tashi. Yanzu minti 20 ba a ci ba an fara tsaki, kowa ya ciro waya yana ɗaukar kansa yana zagi don ya samu masu kallo. Har da waɗanda takardar caca ce ta ƙone musu, ba kishin ƙasa ba. E, na faɗa. Na san masu yi a gurup ɗin nan, kada ku sa in kama suna gaban Alhaji.

Kai kuma ɗan ƙanwata, wancan hoton da ka sa na yaron mutane da kan akuya, ka cire shi kafin uwarka ta gani ta kira ni. Kuma sidi 50 ɗin da na ba ka ranar Angola ka sayo mana tikiti, canjin bai dawo ba har yau, kada ka ɗauka na... to, ga mai kaya ya shigo. Sannu da zuwa Alhaji, an gama, saura guga. Jama'a sai anjima.