Ga ƙanwata da ɗanta ya daina yi mata magana

Assalamu alaikum, ƙanwata. Tambayarki ta tsaya mini a rai tun jiya, shi ya sa na bari sai da yara suka kwanta na zauna in ba ki amsa a natse. Kin ce ke da maigida kowa na fita aiki, yaranku uku, babban shekararsa 11, ƙaramar kuma 3. Babban ya maƙale wa waya, kin yi faɗa, kin yi duka, yanzu ba ya ce miki komai sai "eh" da "a'a". In kin ƙwace wayar kuma, babansa ya mayar masa. Kika rufe da tambayar ko ke ce kika gaza. Ba ki gaza ba. Amma akwai abubuwan da za a gyara, kuma wasunsu a wurinki suke. Ina faɗa miki haka ne don ni ma sai da na haɗiye wannan maganar, da ɗacinta.

Yarana huɗu, babban yanzu shekararsa 19. Yana ɗan shekara 12 na farka wani dare wajen ƙarfe biyu, na hango haske ta ƙarƙashin bargonsa. Na yaye bargon, na same shi a dunƙule da tsohuwar wayar babansa, ido ya yi jajawur, yatsu na ta aiki. Ban san sanda na wanka masa mari ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, ya juya ya fuskanci bango. Bayan nan yana gaishe ni da safe, yana zuwa aiken da na sa shi, amma kamar baƙo a gidan. Wasan wayar kuma bai daina ba. Ya dai koyi rage hasken wayar da goge duk abin da ya buɗe. Ɓoyo marin ya koya masa. Daga baya na ji cewa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 tana hana iyaye duka da tsawa mai muzantawa, domin ba sa gyara hali na dindindin, kuma suna ƙara wa yaro zafin rai. Ni a fuskar ɗana na fara karanta wannan.

Abin da ya farkar da ni kuwa wata takarda ce daga makaranta, ana gayyatar iyaye ganawa da malamai. Na tsince ta a ƙasan jakarsa bayan ranar ta wuce da kwana uku. Na taso masa da faɗa, me ya hana shi gaya mini. Ya ce, "Mama, na gaya miki. Kika ce to." Na yi shiru. Sai hoton ya dawo mini: ina zaune a bakin gado, ko takalmi ban cire ba, ina amsa saƙon wurin aiki, yana tsaye a kaina yana magana, ni kuma ina ta "to, to" ban ɗago kai ba. Na lissafa sau nawa hakan ke faruwa a sati, lissafin ya gagare ni. Yaron da nake zargi da ƙin yi mini magana ya daɗe yana yi, ni ce ba na ji.

Wata ƙawata mai aikin jinyar yara ta taɓa nuna mini bidiyon wani gwaji da Edward Tronick, masanin halayyar yara a Amurka, ya fara yi a shekarun 1970. Uwa tana wasa da jaririnta, suna dariya, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, kada ta yi murmushi, kada ta amsa. Jaririn ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya jawo hankalinta. Da ya ga ba amsa, sai ya ɓarke da kuka, ya kau da kai. Ƙanwata, wannan daskararriyar fuskar ita yaranmu ke gani duk sanda muka sunkuya kan waya. Ɗan shekara 11 ba zai yi kuka ba, shiru zai yi, ya nemi inda ake amsa masa, kuma wayar kullum tana amsawa. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ƙarshen gwajin: da uwar ta dawo da fara'arta, ba a jima ba jaririn ya sake, suka ci gaba da wasa. Ana iya ɗinke ɓarakar.

Don haka kafin na taɓa tasa wayar, tawa na fara ajiyewa. In na dawo daga aiki, wayar tana zama a jaka har a gama cin abincin dare. Minti goman farko ba na tambayar aikin gida na makaranta, ba na duba wanda bai share ɗaki ba. Zama nake yi, kowa ya zo ya faɗi nasa. Da wuya fa, domin lokacin ne gajiya ta fi yawa, kuma a lokacin ne baki ya fi saurin sakin magana marar daɗi. Sannan na je na sami ɗan nawa a ɗaki na ce, "Na yi kuskure da na mare ka, ka yafe mini. Dokar waya tana nan, amma marin bai kamata ba." Na ji nauyin faɗin haka sosai, ina tsoron girmana zai zube. Bai ce komai ba a daren. Washegari da na shigo, shi ya karɓi jakata. Kina tuna sahabin nan Aƙra'u bin Habis da ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Yaro namiji da ya fara girma ma yana son a dafa kansa, ko da yana nuna ba ya so.

Batun maigida, kada ki raina shi, domin a ganina ya fi batun wayar girma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ma haka muka yi ta yi, ina ƙwacewa yana mayarwa, yaron ya gane ƙofar da zai bi. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin raini. Da muka zauna bayan yara sun yi barci, na tambaye shi dalili ba da faɗa ba, sai ya ce mini shi awa ɗaya kacal yake ganin yaran a rana, ba ya son awar nan ta ƙare a rigima. Ni kuma na ce masa ni ma ba na son kullum in zama mai hanawa shi mai bayarwa, domin a idon yaran ni ce muguwa. Daga nan muka tsayar da dokoki kaɗan da mu biyu za mu iya riƙewa ko a ranar da muka fi gajiya: ba waya a wurin cin abinci, ba waya a ɗakin barci, kuma hukuncin da ɗaya ya yanke ɗayan ba ya warwarewa a gaban yara, ko da bai yarda da shi ba. In akwai ƙorafi, a yi shi a ɗaki. Shi ya sanar da yaran dokokin da bakinsa, kuma tasa wayar ce ta fara shiga cikin durowar da muke caji a falo. Ki roƙi naki maigidan ya karɓi wani aiki takamaimai na dare, kamar kwantar da ƙananan. A da yaro kan tashi a hannun mutane da yawa, kakanni da ƙannen iyaye da maƙwabta, yanzu gidaje da yawa mutum biyu ne kawai ke ɗauke da nauyin, su ma daga aiki suka dawo. In ɗaya ya zare hannu, ɗayan zai durƙushe.

Dokar ɗakin barci ita ta fi yi mana amfani, kuma ita nake so ki fara da ita. Likitocin barci a Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yi lissafi da ɗanki: in ƙarfe 6 yake tashi, to ƙarfe 9 na dare ya kamata a ce ya riga ya yi barci. Da yawa daga abin da nake kira taurin kai a wurin nawa rashin barci ne. Da ya fara samun barcinsa, fushin safe ya ragu, malaminsa ma ya lura. Ki kuma sani cewa in balaga ta matso, jikin yaro kan jinkirta jin barci da dare, to in ga waya a hannu abin ya haɗu biyu.

Kada ki dogara da cewa "ai ya kamata ya yi hankali ya ajiye da kansa". Manhajojin nan da gangan aka tsara su don su riƙe mutum: bidiyo na ƙarewa wani ya fara da kansa, ana jan shafi ba ya ƙarewa, saƙo na shigowa da ƙara. Mu manya ma muna shan kaye. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Neman ɗan shekara 11 ya kwana da waya a gefen matashi kuma ya ƙyale ta, ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne. A raba su da dare kawai, ba sai an yi wa'azi ba.

Ki duba ko yana da shafi a Facebook, Instagram ko TikTok. Dukkansu shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, kuma asalin adadin daga wata dokar Amurka ce ta 1998 kan tattara bayanan yara, ba wai likitoci ne suka ce daga 13 babu haɗari ba. Ostireliya ma a ƙarshen 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shekarun zuwa 16. In yana da shafi, da shekarun ƙarya aka buɗe shi, kuma kina da hujjar rufewa. Ita kuma 'yar shekara 3, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san yadda ake miƙa wa ƙarama waya don a samu a gama aiki, ni ma na yi. Ki dai rage tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kin karɓe waya, sai kin cike gurbin da ta bari, in ba haka ba zai zauna yana hararar ki. Hukumar nan dai ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Nawa ƙwallo ce ta cece shi. Wani abin da ban zata ba kuma shi ne aikin gida. Na lura in na zaunar da shi gaba da gaba na ce "gaya mini damuwarka", sai ya ƙulle. Amma wata rana muna ninke kayan wanki, yana riƙe da bakin zanen gado ina riƙe da ɗayan, bai ko kalle ni ba ya ce, "Mama, akwai wani a ajinmu da yake sa kowa ya yi mini dariya." Wata uku ana yi masa haka. Wasan dare shi ne inda yake zuwa ya zama gwani, inda ba mai yi masa dariya. Na danne zuciyata ban katse shi ba, ban ce gobe zan je makarantar ba, na bari ya kai aya, sannan na tambaye shi yadda yake so mu yi. Ruwa ba ya tsami banza. Ki nemi abin da ɗanki yake gudu, kuma ki neme shi a lokacin da hannuwanku ke aiki tare.

Ba zan ɓoye miki ba, satin farko zuwa na uku za ki sha buga ƙofa da kumbura fuska, har ki ji kamar ki mayar masa ki huta. Mu ma lokacin hutun makaranta komai ya kwance sai da muka sake ɗaurawa, kuma yanzu haka ina cikin irin wannan ja-in-ja da ta ukuna, mai shekara 13. Amma in kin ga shirun nasa ya haɗu da ƙin cin abinci, ko ramewa, ko faɗuwar karatu kwatsam, ko yana firgita in saƙo ya shigo, ko wani babba da ba ku sani ba yana yi masa magana a ɓoye, ko ya fara cewa gara ya mutu, to wannan ya wuce batun doka. Ki tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya, ku kai shi wurin likita ba da jinkiri ba.

Allah ya shirya mana su, ya ba ki sauƙi. Ki rubuto mini ki gaya mini wayar tasa ce ko ta ɗayanku yake ɗauka, a ina take kwana, kuma ƙarfe nawa yake yin barci a ranakun makaranta. Daga nan sai mu ga ta inda za ki ɗauko maganar da babansa.