Na Sabunta Manhaja, Zinariyata Ta Ragu

TAMBAYA: Malam, ina rubuta kundin kammala karatu kan ƙiyasin zinariya daga bayanan ramukan bincike. Kamfanin manhajar da muke aiki da ita ya fitar da sabon zubi, na sauke. Bayanan nan dai na zuba, amma sai adadin zinariyar ya ragu. Wanne zan gaskata, tsoho ko sabo?
Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

AMSA: Ƙanena, kada ka gaskata ko ɗaya tukuna. Da ka tambaye ni tun farko, da na ce ka haƙura sai ka kare kundinka, amma aikin gama ya gama.

Ka taɓa tsayawa wurin masu sayen gyaɗa? Mutum ya soka ƙarfe a buhu wuri biyu ko uku, ya duba abin da ya fito, ya yanke wa buhun duka hukunci. Aikinku ke nan, sai dai buhunku dutse ne. A 1951 Danie Krige, injiniya a mahaƙun zinariya na Afirka ta Kudu, ya nuna cewa wurin da samfur ya ce akwai arziki yakan ba da ƙasa da zato, matalaucin wuri kuma ya wuce zato. Bafaranshe Georges Matheron ya ɗora abin kan lissafi, ya raɗa masa suna krijin don girmama Krige. Wannan lissafi bai canza ba don an sabunta manhaja.

Abin da yakan canza shi ne saitin da manhajar ke zuwa da shi. Fara da bariyogiram, zanen nan da ke nuna tazarar da ramuka biyu ke daina kama da juna. Kai ka daidaita shi da hannunka, ko sabon zubin ne ya zana maka? Sannan ka duba iyakar nisan da take ɗebo samfur da kuma yawansu. Na fi zargin saitin da ke rage adadin zinariya a samfuran da ta yi tsananin yawa a cikinsu, don zinariya fitinanniya ce: ƙwaya ɗaya a cikin samfur sai ta kumbura lissafin yanki guda. Wanda ya leƙa mahaƙar zinariya ta Ɗan Isa, a jihar Maraɗi, a 2021 ya ga haka da idonsa, wani rami ya yi wa mai shi goma ta arziki, na maƙwabcinsa ƙasa zalla.

Ka mayar da saitin biyun iri ɗaya, ka sake bugawa. In har yanzu sun saɓa, ka riƙa cire rami ɗaya-ɗaya, ka sa kowane zubi ya ƙiyasta shi daga sauran, ka ga wanda ya fi kusantar abin da aka auna. Ka kuma karanta takardar gyare-gyaren da ta zo da sabon zubin, wadda na tabbata ba ka buɗe ba. Wani lokaci tsohon ne mai kuskuren.

Duk wanda ka tsayar, ka rubuta lambar zubin da saitinsa a kundin, don ranar karewa malamanka za su tambaya.