Yadda za ka gane bugun Schongauer na asali

Ka tambaya ko hoton Waliyyi Antoniyo da shaiɗanu suka yi masa caa a sararin sama, mai harafin M da S da ɗan gicciye a tsakani, bugun Martin Schongauer ne na asali, wato Bajamushen nan mai sassaƙa hoto a faranti ana buga shi a takarda. Harafin kaɗai ba hujja ba ne, don tun a ƙarni na 15 ake kwaikwayon aikinsa, wani mai irin sana'arsa, Israhel van Meckenem, ma ya sake sassaƙa wannan hoton. Takardar da layin za ka duba. Ɗaga ta a gaban fitila: takardar zamanin ta hannu ce, za ka ga siraran layuka a jere da wasu masu tazara da suka ratsa su. Sai ka ɗauko gilashin ƙara girma. A farantin jan ƙarfe Schongauer yake sassaƙa, shi ya sa layinsa ke farawa siriri, ya kumbura, ya ƙare da tsini, tawadar kuma ta ɗan taso. In ɗigo-ɗigo ka gani, bugun inji ne.

Sai dai jan ƙarfe ba ya jure matsi. Siraran layukan inuwa su ne ke fara gogewa, don haka bugun da aka yi bayan rasuwarsa a 1491 yakan fito fari-fari, ba armashi, ko da farantin na gaske ne. Rashin shaidar bakin faranti, wato sawun da gefen faranti ke bari a takarda, kada ya dame ka, yawancin tsofaffin an datse musu gefe. Juya bayan takardar ma: kwafin da Amand-Durand, wani mai buga hotuna na Faransa, ya yi a ƙarni na 19 yana ruɗin mutane sosai, amma yakan zo da ɗan jan hatimi.