Anti, da gaske ne soyayya shekara biyu take yi ta ƙare?

Assalamu alaikum Anti,

Allah Ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraren damuwarmu. Shekarata 26, aurena shekara uku, muna da 'ya ɗaya mai wata takwas. Auren soyayya muka yi, ba wanda ya haɗa mu. Lokacin da yake nemana sai mu raba dare muna waya, har Mama ta sha ƙwace wayar. Farkon aure ma ko yana kasuwa sai ya kira ya ji me nake yi.

Tun da na dawo daga wankan jego komai ya sauya. Ba ya zagina, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, cefane bai taɓa yankewa ba. Hira ce ta mutu. In ya dawo sai ya ɗauki yarinya ya saɓa a kafaɗa, yana zagaya tsakar gida da ita har ta yi barci, ya ci abinci, shi ke nan. In na ce ya zauna mu yi magana sai ya ce, "To, me kuma aka yi?" Da na ɗaga murya zai zura takalmi ya tafi majalisa sai sha ɗayan dare. Ni kuma in yi ta jera masa saƙo a WhatsApp, yana gani ba ya amsawa. Batun shimfiɗa ma ya ja baya, kuma gaskiya ni ma ba na jin sha'awa kamar da.

Ƙawata ta ce aure zai ƙara. Yayata ta ce sammu ne. Wata mai kayan mata a Instagram ta ce in turo dubu arba'in ta haɗa mini mallaka. Ƙanwata da ke karatun aikin jinya kuma ta ce masana sun gano soyayya sinadari ce a jini, shekara biyu take yi ta ƙare, in haƙura kawai. Maganarta ce ta fi tsaya mini a rai. Anti, in da gaske ne, zaman me nake yi?

Taki,
Maijego daga Zariya

Wa alaikis salam 'yata,

Da farko ki riƙe dubu arba'in ɗinki. Shayarwa kike yi, kuma abubuwa da yawa da uwa ke sha suna biyo nono su kai ga jariri. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kada ki sha, kada ki matsa.

Ƙanwarki ta ji ƙamshin gaskiya, amma rabin zancen ta kawo miki. A 2004 wata likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pisa ta Italiya, Donatella Marazziti, ta fitar da sakamakon gwajin jinin mutum 24 da suka faɗa soyayya cikin wata shida da suka gabata. Ta samu wani homon, wato sinadarin da jiki ke saki cikin jini, mai suna kotisol ya hau a jikinsu. Da aka sake auna su bayan shekara ɗaya zuwa biyu, komai ya koma daidai da na kowa. Irin wannan bincike ne ya haifi zancen shekara biyu. To amma kotisol sinadarin fargaba ne, shi jiki ke saki in hankali ya tashi. Abin da ya sauka ke nan shi ne faɗuwar gaba, rashin barci, da duba waya kowane minti. Wutar kara ce ta lafa, garwashi na nan. Wasu masu bincike a Amurka, Bianca Acevedo da Arthur Aron da abokan aikinsu, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 17 da suka yi wajen shekara 21 da aure kuma suka ce har yanzu suna matuƙar son abokan zamansu. Da aka nuna wa kowa hoton mijinta ko matarsa, wuraren da ke motsawa a ƙwaƙwalwar sababbin masoya sun motsa, tare da wuraren da ke da alaƙa da shaƙuwa. Mutanen ba su da yawa, amma sun isa su rushe cewa dole so ya mutu a shekara ta biyu.

Haihuwa ma tana taɓa jikin ku biyun. Ke, homon ɗin furolaktin da ke kawo ruwan nono yana danne estirojin, wato homon ɗin mata, sai sha'awa ta ragu, wasu matan har bushewar gaba suke samu. Ga rashin barci a kai. Yawanci yana warwarewa in shayarwa ta yi sauƙi, kuma in kina jin zafi wajen saduwa ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti, akwai abin da za a ba ki. Shi kuma, a birnin Cebu na ƙasar Filifin an bi samari 624 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka buga sakamakon a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu, testosteron ɗinsu, wato homon ɗin maza, ya sauka sosai, kuma ya fi ƙasa ga waɗanda ke shafe awa uku ko fiye kullum wajen kula da yaro. Robin Edelstein ta Jami'ar Michigan ta bi ma'aurata 29 masu jiran haihuwar fari, ta ga saukar tana farawa a jikin miji tun matar na da ciki. Wannan ba ciwo ba ne, jiki ne ke karkata ga reno. Na daɗe ina kallon layin da kika rubuta na yadda yake zagaya tsakar gida da yarinya a kafaɗa. A ƙasar da maza da yawa ke kunyar ɗan fari, ba sa ko kiran sunansa, naki yana lallashin 'yar fari har ta yi barci. Wannan ba halin mutumin da zuciyarsa ta bar gida ba ne, kuma ban ga komai a wasiƙarki da ke nuna neman aure ko sammu ba.

Inda matsalarku take, a ganina, shi ne wajen takalmin nan da saƙonnin WhatsApp.

A wani bincike da aka wallafa a 1987, wasu masana halayyar ɗan Adam, Cindy Hazan da Phillip Shaver, sun buga tambayoyi a wata jarida ta birnin Denver, ɗaruruwan masu karatu suka amsa. Kashi 56 cikin ɗari sun bayyana kansu a matsayin masu natsuwa da kusanci. Kashi 25 kusanci na takura su, in abu ya yi zafi sai su janye. Kashi 19 kuma kullum suna tsoron za a guje su, suna neman a tabbatar musu. Tushen wannan ilmi binciken shaƙuwar uwa da jariri ne, wanda Mary Ainsworth ta fara a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda a shekarun 1950. In mai tsoron a guje ta ta auri mai janyewa, ga abin da ke faruwa: shirunsa ya tsorata ta, ta matsa, matsawarta ta takura shi, ya ƙara ja baya, ja bayansa ya tabbatar mata da abin da take tsoro. Kowa na ganin ɗaya ne ya fara. Ki ƙara da tarbiyyarmu, inda ake koya wa namiji cewa kalaman so na zance ne, bayan ɗaurin aure kuwa buhun shinkafa ne ke magana. Mai yiwuwa a ransa yana ganin kullum yana ce miki yana son ki, da cefane da ɗaukar yarinya, ke kuma kunnenki na jiran baki.

Ba ina wanke shi ba ne. Barin mace da jaririya har sha ɗayan dare ba tare da amsa saƙo ba rashin kyautawa ne, kuma kina da haƙƙin hira da kulawa kamar yadda kike da haƙƙin ci da sha. Amma ke ce kika rubuto, don haka ta ɓangarenki zan fara.

John Gottman na Jami'ar Washington ya yi shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata a lokacin da suke gardama. Ya lura cewa in bugun ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro da kyau, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Mai yin gum sau da yawa cikinsa tafasa yake yi. Ya kuma ga cewa yadda aka buɗe magana a mintunan farko yana nuna inda za ta ƙare. "Zauna mu yi magana" a kunnen mijinki sammaci ne. Ki bar wannan jimlar. Ki zaɓi lokacin da ba faɗa, ya ci ya ƙoshi, yarinya ta yi barci. Ki fara da abin da yake yi da kike jin daɗinsa, ki faɗe shi da sunansa. Sannan ki roƙi abu ɗaya tak, ƙarami, wanda zai iya yi gobe: "Ina kewar hirarmu. In ka dawo daga isha'i ka ba ni minti goma sha biyar kafin ka fita." Kada ki haɗa da lissafin laifin watan jiya. Ku kuma yi yarjejeniya cewa in rai ya ɓaci yana iya fita ya sha iska, amma ya faɗi lokacin dawowa, kuma in ya dawo a ƙarasa zancen. Ke kuma saƙo ɗaya ya isa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, saɓanin ba zai ƙare ba, yadda ake yin sa ne za ku gyara.

Ki tambaye shi kasuwa. Ba don kuɗin cefane ba, don ki ji. Maza da yawa bashi ne ke cin su a tsaye, suna ganin faɗa wa iyali gazawa ce. Akwai kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ba mata kaɗai yake kamawa ba. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bincike 43, ya nuna kusan uba ɗaya cikin goma na fama da shi. In kin ga ya rame, ba ya barci, ya daina jin daɗin abubuwan da yake so, ki lallaɓa shi ya ga likita. Ke ma in kina yawan kuka, ko kina jin ba ki da amfani har sama da mako biyu, ki faɗa a asibiti ranar da kika kai yarinya rigakafi.

Ki riƙe addu'a, ki rage kai zancen gidanki gun ƙawaye. In kin gwada wannan wata biyu bai motsa ba, ki nemi mutum ɗaya daga danginsa wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, kawunsa ko babban wansa, ya zaunar da ku tare. Ki sake rubuto mini in ji yadda aka yi.

Antinki