Filin Tambayoyinku: Wane Faifai Zan Ce Yaya Ya Sayo Mini?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Samaru. Wata biyar ke nan da ni da abokaina uku muka fara golf ɗin faifai bayan mun gan shi a YouTube. Faifai ɗaya gare ni, na tsinto shi cikin kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, an rubuta Destroyer a jikinsa. Duk yadda na jefa shi sai ya zarce hagu ya kife, da ƙyar nake kai tsakiyar filin ƙwallo daga bakin raga. Yayana da ke karatu a Amurka zai zo hutu a Disamba, ya ce faifai biyu zai iya riƙo mini, ya turo sunaye huɗu in zaɓa: Buzzz, Roc3, Mako3 da Comet. Da hannun dama nake jifa, jifan bayan hannu. Wanne da wanne zan ce?

— Ɗalibi daga Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Yayanka ya san abin da yake yi, domin duk huɗun da ya lissafa faifan tsaka-tsaki ne, wato na jifa mai matsakaicin nisa, kuma su kake bukata. Amma bari in ɗan tsaya saboda masu karatun da ba su taɓa jin wasan ba. Golf ne, sai dai babu sanda babu ƙwallo. Faifan roba ake jefawa daga wuri mai nisa har a sa shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya isa da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro kwandon, shi kuma ya kafa ƙungiyar wasan, PDGA, a 1976. Kafin kwandon, bishiya da turke da durom ɗin shara ake saita. Mu ma a nan haka muke yi: darbejiya tara muka ɗaura wa jan ƙyalle a wani fili da ke hanyar Kufena, in faifai ya daki gindin ƙasa da ƙyallen, ya shiga.

To, Destroyer ɗinka ba shi da laifi, kai ma ba ka da shi. An dai ba mai koyon keke tirela ne. Duba jikinsa, in gwanjo bai goge rubutun ba za ka ga lambobi huɗu: 12, 5, -1, 3. Ta farko ita ce gudun da faifan ke nema kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Ta biyu shawagi, wato yadda yake daɗewa a sama. Ta uku tana nuna yadda yake karkata dama lokacin da yake da ƙarfi, ga mai jifa irin naka. Ta huɗu kuwa yadda yake komowa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare. Faifai mai 12 hannun da ke jefa mita 100 da ɗoriya yake so. Kai mita 50 kake, saboda haka tun daga hannunka ya fita a gajiye, ya tsallake duk sauran tafiyar ya tafi kan lambar ƙarshe, hagu, ƙasa. Ajiye shi a ƙarƙashin katifa, zai jira ka.

Su faifan tsaka-tsaki gudunsu 4 ne ko 5. Bakinsu bai kai na masu cin dogon zango kaifi da faɗi ba, suna cika hannu, kuma suna yafe wa mai koyo. Ga lambobin naka huɗun kamar yadda kamfanoninsu suka buga: Buzzz 5, 4, -1, 1. Roc3 5, 4, 0, 3. Mako3 5, 5, 0, 0. Comet 4, 5, -2, 1. Sai dai kada ka ɗauki lambobin nan kamar rantsuwa. PDGA tana auna faɗin faifai da nauyinsa da kaifin bakinsa kafin ta amince da shi, amma lambobin tashi kowane kamfani shi ke rubuta wa kayansa. Roc3 da Mako3 na Innova ne, Buzzz da Comet na Discraft, kuma 1 ɗin wannan ba lallai ta zama 1 ɗin wancan ba. Kamar mudu ne: na kasuwar Sabon Gari da na kasuwar ƙauye duk mudu ake ce musu.

Mu a filinmu ba ma yawan faɗin lambobi. Faifan da ke nacewa sai ya koma hagu muna ce masa mai taurin kai, wanda ke saurin bin dama mai sauƙin kai, na tsakiya kuma miƙaƙƙe. A naka, Roc3 ne mai taurin kai, Comet mai sauƙin kai, Buzzz da Mako3 miƙaƙƙu.

Na farko ka ce Buzzz. Tun 2003 Discraft ke yin sa, kuma da wuya ka buɗe jakar ɗan wasa a ƙasashen da wasan ya kafu ba ka gan shi ko wani mai kama da shi ba. Samansa a shimfiɗe yake, ƙasan bakinsa sumul, yana fita daga yatsu ba tare da ya kama ba. Ka sake shi a miƙe ya tafi a miƙe, ka kwantar da shi hagu ya bi, ka kwantar dama ya riƙe na ɗan lokaci. Mako3 ma haka yake, har ya fi shi miƙewa a ƙarshe, kuma da a ce damina ce Yaya zai zo da sai in ce ka rufe ido ka ɗauki ko wanne. Amma Disamba zai zo, tsakiyar hunturu, ita kuwa iskar hunturu ba ta raga wa faifan da lambarsa ta ƙarshe sifiri ce. Buzzz ya ɗan fi shi tsayawa da ƙafarsa. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka ɗauki su biyun tare. Aikinsu kusan ɗaya ne, ka ɓata gurbi.

Zancen iskar nan ya kamata ka fahimce shi da kyau, don daga Disamba zuwa Fabrairu ita ce abokiyar karawarka ta gaskiya, daga arewa maso gabas take zuwa, ta fi ƙarfi da hantsi. Idan kana fuskantarta, faifai yana jin kamar an jefa shi da ƙarfin da ya fi naka, sai ya ɗaga sama ya karkata dama fiye da yadda ya saba. Idan tana bayanka akasin haka ne: ya ji kamar ba shi da gudu, ya sauko da wuri, ya faɗa hagu. Na koyi wannan da tsada. Shekarar da surukina ya kawo mini faifai uku daga Finlan, inda wasan ya yi ƙarfi ƙwarai, na fita da mai sauƙin kai cikinsu wata safiyar Janairu na wurga shi gaba da gaba da iska. Ya miƙe tsaye kamar shirwa ta ga ɗan tsako, ya juya dama, ya tsallake katangar wani gida. Sai da na yi sallama sau uku, aka aiko yaro ya miƙo mini shi, yana tambaya ko murfin roba ne. Iska na wahalar da mai kayan kara.

Da ka ji wannan za ka ce to na biyu Roc3 ke nan, tunda shi ne mai taurin kai. A'a, ba yanzu ba. A hannun da ke jefa mita 50, Buzzz kansa zai yi maka taurin kan da ya isa ka shiga iska da shi. Roc3 kuwa zai yi maka halin Destroyer ne, sai dai da ladabi. Lokacinsa na zuwa: ranar da ka ga kana wuce mita 75 ko 80, Buzzz ɗinka ya fara kwacewa dama in ka fuskanci iska, ranar ka nemi Roc3. Akwai kuma ɗan ƙarin dalili. Zariya a kan tudu take, sama da mita 600 daga matakin teku, ga zafin bazara, iskarmu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. A irin wannan iska faifai yakan ɗan ƙara taurin kai. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ba ya goyon bayan Roc3.

Saura Comet, kuma shi nake so ka ɗauka na biyu, ko da yake zai ɓata maka rai a makon farko. Samansa a tashe yake kamar murfin tukunya, yana da ɗan tudu zagaye da ƙasan bakinsa, wasu ba sa son yadda yake zama a hannu. Amma malami ne. In ka murɗa wuyan hannu wajen saki, ko ka fizge shi da kafaɗa, nan take zai yi rawa ya kwanta dama ya gangara, ba ya rufa wa kowa asiri. In ka sake shi lafiya kuwa, sai ka ga yana ta shawagi kamar ba zai sauka ba, ya ba ka nisan da ba ka biya da ƙarfi ba. Ka riƙa fita da shi bayan la'asar in iska ta kwanta, ko in tana bayanka. In Yaya zai yarda a fita daga jerinsa, ɗan faifan bakin kwando irin Aviar ma zaɓi ne mai kyau a madadin Comet, amma ka tambaye ni cikin huɗu ne, na ba ka cikin huɗu.

Abu uku ka rubuta masa a saƙon, don in ba ka faɗa ba zai ɗauko wanda hannunsa ya fara taɓawa. Roba: ka ce Z ko ESP, suna cikin masu ƙwari a wajen Discraft. Ƙasarmu da rani marmara ce da tsakuwa, ga gindin darbejiya, roba mai arha ba ta wata biyu sai ta zama kamar wadda ɓera ya gwaigwaya. Nauyi: ƙa'idar PDGA ba ta yarda faifai ya wuce giram 200 ba, na tsaka-tsaki kuma galibi a 180 suke tsayawa ko ƙasa da haka. Kai ka nemi tsakanin 170 da 175. Launi kuma, kada ka raina shi: ruwan ƙasa da rawaya mai duhu ɓacewa suke cikin busasshiyar ciyawa da hazo, kore kuma da damina sai dai ka yi masa addu'a. Ruwan hoda mai haske ko shuɗi. Abokanka za su yi maka dariyar ruwan hoda, su za su riƙa yini suna neman nasu.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Tudun Wada, ina so in gwada musu wasan nan lokacin motsa jiki. Shekarunsu 12 zuwa 15. Irin faifan da ka saba ambata zai yi musu?

— Malama daga Tudun Wada

AMSA: Zai yi, Malama, amma ki nemi marasa nauyi, giram 150 zuwa 160, miƙaƙƙu ko masu sauƙin kai. Mako3 ya dace da su sosai, haka ma Shark na Innova. A nan roba mai arha ba laifi, ta fi laushi a yatsu kuma kuɗin zai sayi da yawa. Kada ki kawo masu cin dogon zango ko ɗaya cikin makaranta, bakinsu na iya fasa goshi. Kuma ki sa doka tun ranar farko: ba mai jifa sai kowa ya koma bayanta. Wannan ba faifan cafe ba ne irin na bakin ruwa, ba a tare shi da hannu.

TAMBAYA: Yallaɓai, na sayi Roc na robar DX wajen wani da ya dawo daga waje. Da farko yana komawa hagu da ƙarfi yadda nake so. Yanzu bayan wata shida ya daina, miƙewa kawai yake, wani lokaci har ya bi dama. Jabu aka sayar mini?

— Mai shagon kayan lantarki, Sabon Gari

AMSA: Alhaji, ba jabu ba ne, kada ka je ka tayar wa bawan Allah da hankali. Halin DX ke nan, robar Innova mai arha. Duk dukan da faifan ya sha a jikin bishiya yana ɗan lanƙwasa bakinsa ƙasa yana kuma ƙara masa kaushi, a hankali taurin kan ya ragu. A ƙasarmu mai tsakuwa abin ya fi sauri.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne masu jifa da Roc wannan canjin suke nema. Tun 1987 Innova ke yin sa, kuma tsofaffin 'yan wasa sukan riƙe uku ko huɗu a jaka: sabo don iska da komawa hagu, wanda ya ɗan sha wuya don miƙaƙƙen jifa, tsoho tukuf don bin dama. Duka kuwa zamansu a hannu iri ɗaya ne, ba sai yatsu sun sake koyon wani baki ba. Ken Climo, wanda ya ci gasar duniya sau 12, tara daga ciki a jere daga 1990 zuwa 1998, da Roc aka san shi, har akwai wanda ake bugawa da haruffan sunansa, KC. Da tsohuwar zuma ake magani, Alhaji. Naka yanzu ya shiga shekarunsa masu daɗi, ka sayi sabo ka haɗa su biyu.

In wani wuri a bakin ya yi tsini yana kama yatsa, ka goga shi kaɗan a kan darduma ko tabarmar roba har ya kwanta, kada ka sa wuƙa. Kuma ka daina barin sa a but ɗin mota. Na ga yadda rana ta Afrilu ta yi da nawa a bakin PZ, awa uku kacal na shiga banki da kasuwa, na dawo na tarar ya lanƙwashe ƙarƙashin jarkar mai. Na zuba masa ruwan zafi a faranti, na kife shi a kan tebur na ɗora masa ƙamus ya kwana. Ya miƙe, amma har yau dama yake bi.