Amsar tambaya kan Svetlana Alexievich

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ga tambayar da kika ajiye jiya da daddare, cewa ya aka yi 'yar jaridar da maganar mutane kawai take kwasa a rikoda ta rubuta, har aka ba ta kyautar Nobel ta adabi a 2015. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, Svetlana Alexievich dai an haife ta a 1948 a yammacin Yukren, uwarta 'yar Yukren, ubanta ɗan Belarus, kuma a ƙauyen Belarus ta tashi, iyayenta suna koyarwa. Ta karanta aikin jarida a jami'ar Minsk, babban birnin Belarus, ta gama a 1972, ta yi aiki a ƙaramar jarida, daga baya ta koma mujallar adabi. Da Rashanci take rubutu.

Amma wannan "kawai" da kika ce, a nan nake so mu tsaya. Littafinta na farko a kan matan Tarayyar Sobiyet ne da suka je Yaƙin Duniya na Biyu. Mata wajen miliyan ɗaya fa, akwai maharba, akwai masu tuƙa jirgi, akwai masu jinya. Ta bi ɗaruruwansu gida gida. Idan ta kunna rikoda, sai matar ta fara ba ta labari irin na littafin makaranta, runduna kaza ta kama gari kaza. Wata ma mijinta ya kwana yana yi mata bitar tarihin yaƙin, don kada ta yi abin da yake kira zancen mata. Ita kuwa Svetlana sai ta zauna, a sha shayi, a wuni, har matar ta saki jiki. A nan ne za ki ji an ce takalmin maza aka ba su ya yi musu yawa, an aske musu dogon gashinsu ranar farko, kuma da suka dawo wasu sun ɓoye lambobin yabonsu saboda ana yi musu kallon matan banza. Wa zai faɗa miki wannan a hirar minti goma? Wallahi ni a wurina wannan zaman jiran shi ne rabin aikin. Ragowar rabin kuma zaɓe ne: cikin shafi ɗari da ta kwafe daga kaset, ta san wanne layi ne zai tsaya, muryar wa za ta biyo ta wa. Masu tace littattafai sun riƙe littafin kusan shekara 2, sai 1985 ya fito, shi ma an yanke wasu wurare.

Yawwa, sai littafinta na yaƙin Afganistan. Sobiyet ta yi yaƙi can daga 1979 zuwa 1989, sojojinta kusan 15,000 suka mutu. Ana dawo da gawa cikin akwatin tutiya a liƙe, uwa ba ta da ikon buɗewa ta ga fuskar ɗanta. Daga akwatin nan littafin ya samo sunansa, wato "Yaran Tutiya". Abin da ya fi taɓa ni, wasu daga cikin iyaye da sojojin da ta yi hira da su, su ne suka kai ta kotu a Minsk a farkon shekarun 1990, suna cewa ta sauya musu magana, ta ɓata sunan 'ya'yansu. Ni ba na ganin laifin uwar da ta yi haka. Ta yi kuka a gaban baƙuwa cikin ɗakinta, sai ga kukan a takarda duniya na karantawa. Kuma gaskiya, masu suka sun nuna cewa tana gyara zancen mutane daga bugu zuwa bugu. Tambayar da ke nan mai nauyi ce, ban ɗauke ta wasa ba.

Na Chernobyl, wanda ya fito a 1997, shi nake so ki fara da shi. Tashar nukiliyar ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, a Yukren take, amma gubar ta fi sauka a Belarus. Littafin ya buɗe da matar wani ɗan kwana-kwana, tana da ciki wata 6, ta ɓoye wa likita don a bar ta ta yi jinyar mijinta a asibitin Mosko. Ana ce mata ta nisance shi, jikinsa ya zama guba, ta ƙi. Ya rasu cikin kwanaki, jaririyar da ta haifa daga baya ita ma ba ta wuce awa 4 ba. Sai da na ajiye littafin na fita waje ranar da na karanta wurin nan.

Ita kanta Svetlana ba ta zauna lafiya a ƙasarta ba. Ta bar Belarus a 2000, ta zauna Faransa, Suwidin da Jamus, ta koma a 2011. A 2020, bayan rikicin zaɓen shugaban Belarus Lukashenko, ta shiga majalisar 'yan adawa, aka kama abokan tafiyarta, wasu aka kore su daga ƙasar. Har jakadun ƙasashen Turai suka riƙa zuwa gidanta suna zama da ita don kada a zo a ɗauke ta. A ƙarshen Satumbar shekarar ta tafi Jamus.